Rundunar Roba a Ɗakin Hatsi

Shafi na 23

Bismillahi. Masu aiko min saƙo tun safe cewa na bar Malam Attahiru riƙe da burushi mota na shigowa layinsu, ku yi haƙuri. Wutar unguwarmu ce ta yi tafiyarta kwana biyu, waya ta mutu. Ku gyara zama.

*

Motar ba ta gama tsayawa ba Malam Attahiru ya ji sallamar Adda Fadima daga zaure.

Burushin fenti ya suɓuce daga hannunsa. Ya fito da sauri, ya ja ƙofar ɗakin ya datse kwaɗo, ya cusa makullin cikin aljihu. Ya tsaya yana goge yatsunsa a bayan riga, jan fentin ya ƙi fita.

Kwana goma sha biyu ke nan yana jiran wannan sallama, yana roƙon Allah Ya jinkirta ta.

Adda Fadima yayarsa ce uwa ɗaya uba ɗaya, ita ta goya shi bayan rasuwar innarsu. A Tungar Malle take zaune, can cikin yankin Kurawa. Bara waccan da damina ta yi albarka, ta kwaso buhu goma sha huɗu na gero ta kawo masa ajiya garin Isa, don a ƙauye 'yan bindiga sun fara cinna wa rumbuna wuta. Da idonta ta ga an jera su a ɗakinsa mai daɓen siminti. Guda ɗaya ta ɗaure wa baki da jan ƙyalle, irin geron Babansu ne mai nuna da wuri.

Shi kuwa Attahiru malamin zane ne a wata sakandare, kuma yana da abin da ya fi ƙarfin zuciyarsa. A waya ya fara ganinsa shekara shida da suka wuce. Manyan mutane ne a wasu ƙasashe suke ƙera sojoji da dabbobin yaƙi da rezin, wani ruwan roba da ake zubawa a mazubi ya daskare kamar ƙashi. Sai su goge da samfefa, su yi fenti, su jera kan tebur su gwabza yaƙi da ƙwayar ludo da tef ɗin awo. Da soja goma ya fara, cikin kwalin sabulu. Daga nan saƙo ya riƙa zuwa masa a motar Sakkwato, har ya koyi haɗa mazubin da kansa.

Da kayan suka yi yawa, ya rasa inda zai kafa tebur. Sai ya kwashe buhunan ya kai tsohon madafi na bayan gida, da niyyar sati ɗaya kawai, kafin ya yi musu wuri. Satin nan ya zama shekara da rabi. Ranar da ya tuna ya leƙa, gara ta riga ta gama aikinta.

Ko matarsa Khadijatu bai faɗa wa ba.

Khadijatu ta shimfiɗa tabarma a inuwar dalbejiya, ta kawo ruwa. Adda ba ita kaɗai ta zo ba. Akwai babban ɗanta Jibrilla, magidanci mai 'ya'ya uku, bindiga rataye a kafaɗarsa, wanda ya shiga 'yan sa-kai tun bara da aka harbe mahaifinsa Malami a bakin kwalbatin garinsu. Akwai kuma Abu direba, wani dattijo mai a-kori-kura, wanda aka ɗauko don lodi.

Attahiru ya durƙusa ya gaishe da Adda, hannayensa a ɓoye cikin riga. Ta rame har awarwaronta yana gangarowa gwiwar hannu. Ta sha rabin ruwan, ta tsaya tana kallon sauran kamar tana jin nauyin ƙarasawa, sannan ta miƙa wa Abu.

Ba ta yi kuka ba, ba ta yi doguwar magana ba. Ta ce ruwa ya ɗauke gero yana ciki, ko kai bai fitar ba. Irin da ta rage a gida sau biyu ta shuka shi, rana ta ƙone. Yanzu tafasa da yaɗiya ake dafa wa yara, rijiyar gari kuwa sai an yi layi tun asuba a samu tulu ɗaya mai laka. Ta ce gida shida za su raba hatsin nan, ta riga ta faɗa musu. Da za su taho ma ta bar matan suna wanke turame.

"Na ce musu su kwantar da hankali, hatsinmu na Isa wurin Attahiru. Tashi ka buɗe muna, Abu na son mu kama hanya kahin la'asar."

Ya ce su bari su ci abinci tukuna. Ta ce abincin da ta zo nema yana cikin ɗaki. Ta dafa ƙasa ta miƙe, ta nufi ƙofar nan mai kwaɗo kai tsaye, don ba ta manta ta ba.

"Adda."

Ta juyo.

"Hatsin ba ya nan ciki. Na maishe shi baya."

"To mi ke ciki da anka sa mai kwaɗo wanga babba?"

Khadijatu ce ta ce kayan aikin makaranta ne, ƙaryar da ta saba yi wa maƙwabta in sun tambayi warin da ke fitowa daga ɗakin. Yau muryarta ko ita kanta ba ta gamsar ba.

Hannu kawai Adda ta miƙo.

Ya ciro makullin ya ɗora mata a tafi. A nan ta ga yatsunsa. Ta kalli jan fentin, ta kalli fuskarsa, ta juya ta buɗe.

Warin rezin da fenti ya fara yi musu maraba.

Ɗakin ya fi kowane ɗaki a gidan tsabta. An sa wa tagar raga da labule don ƙura. Kanta uku ne a jikin bango, cike da sojoji masu tsawon ɗan yatsa, sahu sahu, wasu da baka, wasu da mashi, wasu da bindiga. A kanta ta sama akwai manyan. Ga motar yaƙi mai ƙafar sarƙa girman akushi. Ga wani ƙaton ƙadangare mai fukafukai ya buɗe baki. Ga giwa girman ɗan akuya sabon haihuwa, da hasumiya a bayanta, maharba huɗu suna leƙowa. Wata bakwai ya yi a kan giwar nan, har jijiyoyin kunnenta ya zana.

A tsakiya kuma tebur ne da ya cinye ɗakin, ya yi faɗin ƙyaure biyu. A ƙasansa kwalaye ne a jere kan katako, an ɗaga su daga daɓe.

Abu direba ya leƙo ta bayan Jibrilla ya yi salati a hankali.

Adda ta taka har gaban kantocin. Ta kai hannu biyu ta sauko da giwar. Tsoro ya kama Attahiru kada hauren ya karye. Sai kuma ya gane abin da yake wa tsoro, a gaban wa, kuma a wace rana. Ya ji kamar ya tona daɓen ya shige.

"Mi ne wanga?"

"Giwa ce, Adda."

"Na ga giwa ce. Ta mi ce?"

Sai ya shiga bayani. Ya ce ba gunki ba ne, wallahi ba abin bauta ba ne, wasa ne na tunani. Ana raba runduna biyu, a auna tafiyar kowane soja da tef, a jefa ƙwayar ludo a ga ko harbinsa ya samu. Yana maganar yana jin yadda take fita daga bakin mai shekara arba'in da uku, mai furfura a gemu. Bai kai ƙarshe ba muryarsa ta shige ciki.

"Wasa," in ji Adda.

Ta mayar da giwar inda ta ɗauko ta, a hankali, har ta gyara mata tsayuwa.

"Kai ni wurin hatsina."

Tsohon madafin yana bayan bayi, rufinsa na kara ya lotsa ta gefe ɗaya tun ruwan farko na bara. Attahiru ya janye kwanon da aka tokare ƙofar da shi, ya koma gefe, ya kasa shiga.

Daga sama buhunan suna nan kamar lafiya lau. Jibrilla ya sunkuya ya rungumi na farko ya ɗaga. Gindin buhun ya zauna a ƙasa, abin da ke ciki ya zubo masa a ƙafa. Ba gero ba ne. Jar ƙasa ce da dusa da baƙin funfuna, gara na ta wutsil-wutsil a ciki.

Ya ɗaga na biyu. Haka.

Na uku ko ɗaguwa bai yi ba, ya manne da bango, gara ta yi gini a kansa.

Khadijatu ta dafe ƙirji ta zauna a bakin ƙofar. Ta kalli mijinta ta tambaye shi tun yaushe ya sani. Da ya ce kwana goma sha biyu, sai ta ja mayafi ta rufe fuskarta. A kwanakin nan sau biyu Adda ta bugo waya, a gabanta ya ce komai lafiya.

Adda ta shiga da kanta. Ta bi buhunan tana shafawa har ta kai ga mai jan ƙyalle, can ƙurya. Ta durƙusa ta kwance ƙullin da ta yi da hannunta. Ta cusa hannu har gwiwa, ta ciro, ta buɗe tafin. Ta hura. Ƙura ta tashi, 'yan ƙwayoyi suka rage.

Ta ce wa Khadijatu ta ba ta faifai.

Nan ta zauna dirshan a ƙasa tana ɗiba tana sheƙewa, tana tsince masu rai da yatsa ɗaya bayan ɗaya. Attahiru ya tsaya a rana, gumi yana bin bayansa, ya kasa matsawa inuwa. Da ma zagi ta yi. Da ma marinsa ta yi a gaban matarsa, da ya fi masa sauƙi.

Abin da ta samu duka bai cika gwangwanin madara biyu ba. Ta juye a gefen zanenta ta ƙulle.

Sai a lokacin ta ɗago.

"Na ga kwalayenka bisa katako, Attahiru."

Ta ci gaba:

"Ashe ka san ana ɗora abu bisa katako."

"Don hatsin na sawo katakon, Adda. Wallahi don shi na sawo."

"Na yarda."

Wannan yardar ta fi komai yi masa ciwo. Ya durƙusa a gabanta, ya ce zai sayar da kayan ɗakin kaf, har giwar. Ta tambaye shi wa zai saya a Isa, a shekarar da mutane ke sayar da ƙofofin ɗakinsu. Khadijatu ta ce akwai rabin buhun masara a gidan, su tafi da shi yau. Adda ta ce za ta karɓa, don ba ta da bakin ƙi, amma gida shida ne.

"Kana ƙarami ka ke gina shanun laka bakin rafi," ta ce. "Baba ya ɗauko tsumagiya, ni ke shiga tsakani, in ce a bar yaro da baiwarshi. Yau in na koma mi za ni ce ma matan da na bari suna wanke turmi?"

Yana nan durƙushe ya ji muryar Jibrilla daga cikin gida.

"Kawu. Taho nan."

Ba su lura da lokacin da ya bar wurin ba. Suka same shi a ɗakin simintin, tsaye a gaban teburin, ya dafa gefensa da hannu biyu. Ɗazu kantocin kowa ya kalla, teburin ba wanda ya tsaya a kansa. Yanzu Jibrilla ya janye labule, haske ya sauka a kai.

An yi tudu da kwari da garin katako da gam, an yayyafa yashi na gaske. Busasshen rafi ya ratsa ta tsakiya. Ga gidaje na laka ƙanana, ga rumbuna da hulunansu, ga masallaci mai koren ƙyaure.

Jibrilla ya ɗora yatsa.

"Wagga kukar ta bakin makabarta ce. Ga rijiya. Ga gidan mai gari. Ga hanyar Gatawa." Ya matsar da yatsan. "Wanga gidanmu ne, har garkar Inna ka sa. Kawu, Tungar Malle ce wagga."

"Ita ce."

"Su wa ke nan cikin rafi?"

Sojoji ne kusan talatin masu baƙin rawani, a kan ƙananan babura, sun jeru cikin busasshen rafin sun nufo kwalbati. Ta nan aka shigo musu bara. Duk wanda ke garin ya sani.

A bakin kwalbatin akwai mutum ɗaya shi kaɗai. Ba shi da bindiga, ba shi da baka. Shuɗiyar riga gare shi, da malafa, da kwashe, fartanyar noma, a kafaɗa.

Adda ta matso. Ta daɗe tana kallonsa kafin ta ɗauke shi da yatsa biyu. An ɗan karkata masa kafaɗar hagu, yadda Malami yake tafiya tun da wani bijimin sa ya taɓa ka da shi.

Wannan ne abin da Attahiru bai taɓa faɗa wa kowa ba, ko abokan wasansa na waya. Ya faɗe shi yanzu idonsa a ƙasa. Ya ce tun da aka yi rasuwar barci ya ƙaurace masa. Yana Isa yana koyar da yara zanen kwalba da kofi aka kashe mutumin da ya saya masa keken farko. Sai ya rushe filin yaƙin da ke kan teburin ya gina garinsu yadda ya san shi. Kullum ya dawo makaranta sai ya jera ranar nan daga farko, ya canza wa mutanen gari wurin tsayuwa, ya jefa ƙwaya, ya ga ko akwai yadda za a yi.

Adda ba ta ɗauke ido daga abin da ke hannunta ba.

"Shina tsira?"

"Wani lokaci, Adda. In an tsaida mutum huɗu bayan kukar, shina kai wa gida."

Ta rufe hannunta a kansa.

Jibrilla kuwa jijiyar wuyansa ta tashi. Ranar da abin ya faru yana kasuwar Sabon Birni, kuma har yau bai yafe wa kansa ba. Ya ce, ba tare da ya ɗaga murya ba, wato ubansa ne aka mayar ɗan ludo. Ana kashe shi ana tayar da shi kullum bayan azahar, a ɗakin da ya kamata abincin marayunsa ya kwana.

Duk yadda Attahiru ya juya maganar a ransa, haka ɗin take.

Khadijatu ce ta fara lura.

"Ina Abu?"

Suka dubi juna. Ta ce ɗazu da ta zo ɗaukar faifai ta gan shi a bakin ɗakin ya ɗaga waya saitin teburin. Ta ɗauka mamaki ne kawai. Daga nan ba ta ƙara ganinsa ba.

Fuskar Jibrilla ta canza. Ya leƙa tsakar gida ya dawo, ya tambayi kawunsa ko ya san me wannan teburin zai zama a idon wanda bai san shi ba. Ga hanyoyin shiga gari, ga gidan mai gari, ga rumbuna, ga 'yan bindiga an jera musu ta inda za su bi. Kuma an same shi a kulle, a gidan mutumin da ake kawo wa kwalaye daga nesa ba a san me ke ciki ba. Ya ce watan jiya an kama wani a wani gari da zanen hanya a takardar siga kawai, ba wanda ya tsaya jin ta bakinsa.

Kafin ya rufe baki suka ji babura suna tsayawa a waje. Ɗaya, biyu, har suka daina ƙirgawa. Ranar kasuwa ce, gari cike yake. Hayaniya ta taso daga bakin layi, a cikinta wata kalma tana ta maimaituwa.

Infoma. Mai kai wa 'yan bindiga rahoto.

Khadijatu ta riƙe masa riga, ta ce ya haura katangar baya ya faɗa gidan maƙwabta. Ya dubi Adda. Tana tsaye, ƙullin iri a gefen zanenta, hannunta a dunƙule, ba ta ce ya tafi ba, ba ta ce ya tsaya ba.

Kwana goma sha biyu ya yi yana ɓuya. Ya cire hannun Khadijatu daga rigarsa a hankali, ya sa takalmi, ya ratsa tsakar gidan ya shiga zaure.

Ƙofar gidan ta cika. Ya ga mai shayin bakin tasha. Ya ga iyayen ɗalibansa biyu. Ya ga Abu direba a can baya ya ƙi haɗa ido da shi. A gaba shugaban 'yan sa-kai na unguwar ne, dogo mai jar hula, bindiga a rataye, waya a hannunsa da hoton teburin a kai.

"Malam Attahiru," ya ce, "an ce kana da taswirar Tungar Malle cikin ɗaki, da mutanen daji a kai. Gaskiya ne?"

Attahiru bai kai ga furta komai ba ya ji takun mutum a bayansa, da ƙarar ƙarfen bindiga ta gogi bangon zaure.

"Akwai ta," in ji Jibrilla. "Ni ɗan garin ne, kuma ubana na ciki. Ku shigo, ni za ni nuna muku."